Tun da na raka matar baffana haɗa lefe a Harrods na kasa barci

Assalamu alaikum Anti. Ina karatun digiri na biyu a Landan, ina kuma aikin kula da tsofaffi awa 20 a mako, iyakar abin da bizata ta yarda. Watan jiya Hajiya, matar baffana, ta zo haɗa lefen ɗanta, ta ce in raka ta Harrods, katafaren kantin kayan tsada. A gabana ta sayi jaka ɗaya fam 7,000, ko takardar farashin ba ta juya ba. Ni ce mai riƙon kaya. Da za mu rabu ta ba ni fam 100 da gwangwanin shayi. Ummanmu kuwa tana Kano ana yi mata wankin ƙoda sau biyu a mako, kuma da Abba ya yi wa Baffa maganar kuɗin asibiti, cewa ya yi a yi haƙuri, abubuwa sun tsaya. Tun ranar ba na barci. Na rubuta dogon saƙo zan tura a zauren WhatsApp na dangi, ban tura ba tukuna. Abin da ya fi ba ni kunya, bayan kwana biyu na koma unguwar ni kaɗai na sayi takalmin fam 600 da katin bashi, har yau ban iya sa shi ba. Anti, hassada nake yi, ko ina da gaskiya?

Daga wata 'yar Kano a Landan

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Umma lafiya, ya sa kaffara ne, ya kawo muku ɗauki ta inda ba ku zata ba.

Kafin mu shiga komai, kada ki tura wannan saƙo. Kwafe shi daga WhatsApp ki ajiye a wani wuri inda yatsa ba zai zame ya aika shi da ƙarfe biyun dare ba. Zan dawo kansa.

Sai takalmin, don shi ne ke da wa'adi. A dokar Ingila, kayan da aka saya a cikin kanti ba dole ba ne a karɓe shi idan ba shi da aibi, amma yawancin manyan kantuna suna karɓa cikin 'yan makonni muddin ba a sa shi ba kuma rasit na nan. Duba bayan rasit ɗinki yau, ki mayar da shi gobe da kwalinsa. Masu sayar da kayan nan kullum suna karɓar irinsa, ba wanda zai tambaye ki dalili. In wa'adin ya wuce, ki sayar da shi ta intanet ko da da ɗan faɗuwa, ki zuba kuɗin a katin nan take. Ruwan da katunan bashi ke ɗorawa a can yakan haura kashi 20 cikin 100 a shekara. A Afrilun 2025 an sa mafi ƙarancin albashi a Birtaniya fam 12.21 a awa, a wannan lissafi takalmin nan ya kusa cinye miki awa 50 na ɗaga tsofaffi da yi musu wanka, makonni biyu da rabi na aikinki. In bashin ya fi abin da kika faɗa mini, ƙungiyoyin agaji na StepChange da Citizens Advice suna ba da shawara kyauta a kan bashi, kuma ba sa kai labari gida.

Ina so ki daina tsine wa kanki a kan wannan sayayya, domin abin da ya same ki shi ne ainihin abin da aka gina irin waɗannan kantuna su yi wa mutum. Harrods ya fara ne a 1849 a matsayin ɗan shagon shayi da kayan masarufi a unguwar Knightsbridge ta Landan. Yau yana da sassa sama da 300, kuma tun 2010 yana hannun Ƙatar, waɗanda suka saye shi daga Mohamed Al-Fayed a kan kusan fam biliyan 1.5. A 1898, da suka kafa matakala mai tafiya da kanta, irinta ta farko a Ingila, ma'aikata kan tsaya a sama suna miƙa wa mutane ɗan abin sha don hankalinsu ya dawo jikinsu. Kin ga tun wancan zamani sana'ar gidan ita ce ɗauke wa mai shiga hankali. Gordon Selfridge, Ba'amurken da ya buɗe nasa kantin a titin Oxford a 1909, shi ya yi fice wajen fito da kaya fili don kowa ya taɓa, ya jera turaruka a bakin ƙofa, ya bar mutane su shigo kallo ko ba su da niyyar saye. Ya san wanda ya taɓa abu da hannunsa ya riga ya fara mallakarsa a zuciya. Fitilu da marmara da ƙamshi da ma'aikacin da ke rusuna miki kamar ya san kakanki, duk lissafi ne.

Kuma lissafin bai tsaya kan masu kuɗi irin Hajiya ba. Jakar fam 7,000 mutum nawa ne ke saye? Aikinta na biyu shi ne ta sa takalmin fam 600 ya zama kamar mai araha a idon wadda ta gan ta. Manyan kamfanonin kayan ƙawa suna samun kaso mai tsoka na cinikinsu daga ƙananan kaya, turare da jan baki da tabarau da bel, waɗanda masu matsakaicin albashi ke saye don su ma su fito da ledar kantin a hannu. Kin wuni kina riƙe da ledojin wata. Kika koma don ki riƙe taki ko sau ɗaya. Wannan ba lalacewa ba ce, rauni ne na ɗan Adam, kuma an san da shi shi ya sa aka ɗana masa tarko. Mu ma an daɗe da sanin aljihunmu a can: wajen 2012 jaridun Ingila sun ba da labarin cewa kantin Debenhams na titin Oxford ya rataye alluna da Hausa saboda yawan masu saye daga Najeriya.

Yanzu tambayarki. Hassada ita ce ki so ni'imar da ke hannun wani ta gushe. Tambayi zuciyarki da gaske: da a ce gobe a biya wa Umma kuɗin wankin ƙoda na shekara guda, jakar Hajiya za ta ci gaba da hana ki barci? In amsar a'a ce, kuma ina kyautata zaton a'a ce, to ba jakar ke cin ki ba. Ciwon uwa ne, da ganin an mayar da mahaifinki hannu rabbana. Akwai ɗan kwaɗayi a gefe, takalmin shaida ne, kuma Alƙur'ani bai ɓoye mana cewa haka zuciya take ba. A Suratul Ƙasas, da Ƙaruna ya fito wa mutanensa cikin adonsa, masu son rayuwar duniya ne suka ce ina ma su ne aka ba irin abin da aka ba shi. Maganin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba mu shi ne mu dubi na ƙasa da mu a abin duniya, kada mu dubi na sama, don kada mu raina ni'imar da muke ciki. Ke kuwa kullum kina shiga ɗakunan mutanen da ba sa iya kai cokali baki da kansu. Ba sai na yi miki wa'azi a kan wannan ba.

Ba kuma zan rarrashe ki da cewa masu kuɗi ba su da kwanciyar hankali ba. Gaskiya ne Selfridge ya ƙare a talauce, an tura shi daga kantin da ya gina, ya mutu a 1947 ba shi da abin kirki. Amma mai yiwuwa Hajiya tana barcinta lafiya lau, kuma za ta ci gaba da yi. Wanda ya dogara da jiran faɗuwar mai arziki don ya samu sauƙi, to a nan ne hassadar gaske ke fara tsiro.

Kin tambaye ni ko kina da gaskiya, to ga ra'ayina ba ɓoye-ɓoye. Addini bai haramta ado da kaya mai kyau ba, kuma cikin sahabbai akwai attajirai irin su Usman bin Affan da Abdurrahman bin Auf. Amma almubazzaranci ana auna shi ne da halin da mutum yake ciki da halin waɗanda ke kewaye da shi. A 2024 fam ɗaya ya kai naira 2,000, shekarar da aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. A wannan lissafi jakar nan naira miliyan 14 ce, albashin ƙaramin ma'aikaci na wata 200, sama da shekara 16. A saka wannan a akwatin lefe, don 'yan ganin lefe su ɗaga su yi guɗa su ɗauki hoto, alhali matar ɗan'uwa tana kwance a kan injin wankin ƙoda, ni a wurina kuskure ne babba. Gasar lefe ta zame mana cuta, kuma ba a gidan masu kuɗi take tsayawa ba, tana gangarowa har kan yaron da ke sayar da katin waya, a ce shi ma sai akwati shida. Saboda haka zafin da kika ji yana da tushe.

Sai dai akwai abubuwan da wasiƙarki ba ta tabbatar ba, kuma saƙon da kika rubuta na san ya gina hukunci a kansu. Kuɗin wa aka kashe a kantin? Mata da yawa suna da dukiyarsu ta gado ko ta kasuwanci, kuma lefe sau da yawa gudummawar dangin uwa ce da ƙawaye. Shin Hajiya ta ma san Abba ya je wurin mijinta? Maza da yawa ba sa kai irin wannan magana cikin gida. Ta san wankin ƙoda ba aiki ne na sau ɗaya ba, abu ne na kowane mako har sai an samu dashen ƙoda? Kin yi awoyi tare da ita, ban ga inda kika ce kin gaya mata ba. Na san kunya ce ta hana, da gudun a ce kin yi roƙo. Amma ba a hukunta mutum da ƙin abin da ba a tambaye shi ba.

In kuma zuciyarki na raya miki cewa dukiyar ba ta halal ba ce, ki yi hattara, don ba ki kawo hujja ba. Akwai dukiyar sata da ake kashewa a waɗannan kantuna, ba shakka. Zamira Hajiyeva, matar tsohon shugaban wani banki na gwamnatin Azarbaijan da aka ɗaure shekara 15, ta kashe sama da fam miliyan 16 a Harrods cikin shekara 10. A 2018 ita ce ta fara fuskantar umarnin kotun Birtaniya na bayyana inda aka samo dukiya, kuma a 2024 ta sallama gidanta na Knightsbridge da filin wasan golf. Wannan aikin masu bincike ne da kotu, da takardu a hannu. Zato a zauren dangi ba ya ƙwato ko kwabo, sai dai ya ɗora miki alhaki.

Yanzu mu dawo kan saƙon. Ki yi tunanin abin da zai faru minti goma bayan kin tura. Ba wanda zai yi maganar ƙodar Umma. Maganar za ta koma kan yarinyar da aka tura Turai ta yi ido, ta ci mutuncin baffanta ana gab da biki. Wata gwaggo za ta kira Abba ta ce ya ja miki kunne. Abba, wanda ya je wurin ɗan'uwansa a asirce, zai tashi ya ga dangi duka sun san ya roƙa an hana shi. Umma za ta ji a gadon asibiti. Baffa kuwa, ko da ya yi niyyar taimakawa, yanzu ba zai iya ba, don zai zama kamar an tilasta shi. Za ki samu sauƙin dare ɗaya, ki rufe ƙofar da kika fi bukata.

Abin da kike nema shi ne a biya kuɗin asibiti, to bi hanyar da za ta kai ki can. Fara da Abba. Ki kira shi ki tambaye shi yadda maganar ta gudana tsakaninsa da Baffa. Ina da yaƙinin ba lissafi ya kai masa ba. Dattawanmu ba sa roƙon 'yan'uwansu kai tsaye, sai su ce jikin mai ɗakin nasu dai sai addu'a, asibiti na cin kuɗi, su jira a gane. Wanda ba ya son ganewa kuwa sai ya ce Allah ya sawwaƙe, abubuwa sun tsaya. Nemi izinin Abba ki yi magana da Baffa da kanki. Kada ki tsallake shi, mutuncinsa ne a kan layi. In ya ƙi, ki roƙe shi ya yarda a sa wani babba a tsakani, gwaggonku ko wanda Baffa ke jin nauyinsa.

In ya amince, sa a turo miki takardun asibiti, ki haɗa lissafi a shafi ɗaya: kuɗin wanki ɗaya, sau nawa a wata, allurar ƙarin jini, magunguna, kuɗin mota, abin da ku 'ya'ya kuke iya haɗawa, da giɓin da ya rage. Sannan ki kira Baffa a waya, ba rubutu ba, kuma ba a makon biki ba. Bayan gaisuwa da yi masa murnar auren, ki ce masa wani abu kamar haka: “Baffa, na zo ne a matsayin 'yarka. Jikin Umma ya fi ƙarfinmu. Ga abin da asibiti ke ci a wata, ga abin da muke iyawa. Ina roƙon ka ɗauke mana wanki huɗu a wata har tsawon wata shida, a biya kai tsaye a asibitin.” Ki tsaya nan, ki yi shiru, ki bar shi ya amsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na zaɓi wannan siga da gangan. Mai kuɗi yana tsoron roƙon da ba shi da iyaka, domin kullum ƙofarsa cike take, kuma ya saba ganin wanda aka ba yau ya dawo jibi. Adadi sananne, wa'adi sananne, da biya a asibiti, suna cire masa wannan tsoro. Kuma kada sunan Harrods ko jaka ya fito daga bakinki, ko da ya sake cewa abubuwa sun tsaya. Da zarar kin ambata, kin tashi daga 'ya mai neman taimako kin koma mai bin diddigin aljihunsa, kuma zai kare kansa maimakon ya saurare ki.

Akwai wata ƙofa da mutane ke mantawa da ita. Ɗan'uwa mabukaci yana cin zakkar ɗan'uwansa, tunda ciyar da shi ba wajibi ba ne a kansa kamar na iyaye da mata da 'ya'ya, kuma hadisi ya nuna sadaka ga dangi lada biyu ce, ta sadaka da ta zumunci. Mai dukiya irin wannan yana fitar da kashi 2.5 cikin 100 duk shekara, ko ya kamata ya fitar. Wannan magana ba daga bakinki za ta fi daɗi ba. Malamin da Baffa ke zama da shi ko gwaggonku su ne za su iya tuna masa, ta yadda Abba ba zai ji an mayar da shi almajiri ba.

Hajiya ma kada ki yanke ta. Riƙe wa babba kaya ba ƙasƙanci ba ne a wurinmu, da a Kantin Kwari ne kika riƙe mata ba za ki ji komai ba, wurin ne ya canza masa kama. Fam 100 ɗin ma ba cin fuska ba ne, alheri ne gwargwadon abin da ta sani. Tura wa Umma shi, ki kira Hajiya ki yi godiya, ki gaya mata inda kuɗin ya tafi da kuma halin da ake ciki. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma sau da yawa abin da miji ya ce ya tsaya, matar gida ce ke tayar da shi.

Zai iya yiwuwa ki yi duk wannan a hana ki. In haka ta faru, kin san matsayinki, kuma kina da damar ja da baya. Gaisuwar salla da ta rasuwa ta wadatar a zumunci, ba dole ba ne ki sake raka kowa sayayya, kina iya cewa kina da aiki, kuma gaskiya kika faɗa. Daga nan sai ku zauna ku 'ya'yan Umma da dangin ɓangarenta ku raba nauyin a rubuce, kowa da ranar da zai biya. Ku tambayi sashen jin daɗin marasa lafiya na asibitin ko akwai tallafin da ake ba masu ciwon ƙoda, ku kuma yi magana da likitanta a kan batun dashe, don a san ko hanya ce da za a fara tanadi dominta.

Abu ɗaya nake roƙonki da babbar murya: kada zafin nan ya sa ki haura awa 20 a lokacin karatu. Karya sharaɗin biza na iya jawo a soke ta, ki rasa karatun da aikin gaba ɗaya, kuma Umma ce za ta fi kowa asara. Lokacin hutu doka ta ba ki damar cikakken aiki, ki tanadi ƙarfinki don shi. Jami'o'i da yawa suna da asusun taimakon ɗalibai da suka shiga matsi, je ofishin kula da ɗalibai ki tambaya. Rashin barcin kuma, in ya wuce makonni biyu nan gaba, ki ga likitanki na unguwa, domin mai ɗaga tsofaffi ba barci tana iya jin ciwo ko ta ji wa wani.

Ki rubuto mini bayan kin yi magana da Abba. In ya ƙi yarda ki kira Baffa, ki faɗa mini su wane ne manyan gidanku, mu duba wanda ya fi dacewa a aika.